Rufe-Ido Mai Gyaran Waya

Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, a matse tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Teburi ɗaya ne a ciki, sai fitila mai lanƙwasasshen wuya, da murfin gwangwani da yake tara ƙananan noti. Shekara goma sha ɗaya yana gyaran waya a nan, amma da wuya ka sami mai faɗa maka sunansa na yanka. Rufe-Ido kowa ke ce masa.

Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. Ba ya tambayar kowa lambar sirri. In ya gama gyara, sai ya miƙa wa mai ita, ya juya fuska bango, ya ce, "Buɗe da kanka, ka kira wani mu ji." In saƙo ya shigo yana tsakar aiki, sai ya kife wayar kamar ta ƙona shi.

Mai aski kan leƙo ya ce, "Kai dai ka yi asara. Da ni ne, da labarin unguwar nan kaf yana aljihuna."

"Shi ya sa Allah ya ba ka almakashi," in ji Rufe-Ido.

Mutum ɗaya ce ba ya iya yi wa musu, wato Yayarsa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta saya masa teburin nan, har yau kuma ita ke aiko masa abincin rana a kwano mai jan murfi.

Wata Talata sai ga Yaya ta kawo kwanon da kanta. Ta zauna a benci, ta rage murya.

"An ce malamin makarantar nan mai neman Auta ya kawo wayarsa."

"Ya kawo. Gilashi ne ya fashe."

"Auta ta ce ko lambar sirri babu. Ɗan duba mana, mu san da su wa yake hira."

Autar Yaya a kafaɗarsa ta girma, shi ma yana son sanin hannun da za ta faɗa. Ga wayar a gabansa, taɓawa ɗaya kawai. Ya sa yatsa ya kife ta.

"Yaya, gilashi ya ba ni in canza. Ki kira shi gida ki yi masa tambayoyinki, ai kin iya."

"Ni za ka yi wa rufe ido? Ni da na share maka majina?"

"Ke kika ce kar in taɓa buɗe jakar baƙo."

"Wannan jaka ce?"

Ta tashi, ta ɗauki kwanonta ko buɗe shi ba a yi ba.

Kwana tara babu kwano, babu amsa gaisuwa. Rufe-Ido ya koma cin busasshen burodi, mai aski kuwa kullum sai ya tambaye shi ko amana ta yi miya yau. Ba yunwar ce ta dame shi ba, shirun Yaya ne.

Ran kwana na goma sai ga ta, fuska a murtuke, wayarta naɗe a tsumma.

"A bokiti ta faɗa. Na bi shago uku, duk lambar sirri suke tambaya, idonsu ƙur a kan kayan mutane."

Ya karɓi wayar. Ya kwance, ya busar, ya canza batir, ya miƙa mata, ya juya bango. Tana buɗewa sai murya ta cika shagon: muryar Yaya ce da ta naɗa a wayar, tana rera waƙar soyayya, tana kuskure amshi. Ta daddanna da kyar ta kashe.

"Me ka ji?"

"Bango nake kallo, Yaya."

"To me ya sa kafaɗarka ke rawa?"

"Sanyin fanka ne."

Ta yi tsaki, amma bakinta ya kasa riƙe dariya. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Malamin nan, na kira shi. Awa biyu ina juya shi, bai kauce ko sau ɗaya ba. Ba laifi."

Da azahar kwano mai jan murfi ya iso. Mai aski ya leƙo da cokalinsa a hannu.