Mai Tsere a Kan Buhunan Gyaɗa

Ina kan amalanke a hanyar kasuwar Guci na hango shi: dogo, siriri, da jar riga, yana gudu yana hamma. Idanunsa jajir. Da gani a fadar samari ya kwana ana zagayen shayi, karin kumallonsa kuwa bai wuce ƙuli-ƙulin da yake tauna ba. Shanunmu ma suna wuce shi.

Dattijon da ke kora su ya ce, "Samari, lafiya?"

"Atisaye nake, Baba. Asabar akwai tsere a Magariya."

"Da wannan cikin? Hau, ga fura."

Ya hau, ya shanye, ya miƙe kan buhunan gyaɗa. Yanzu munshari yake, ƙafafunsa na motsi. Ina jin a can cikin mafarki shi ne na ɗaya.