Ratsen Gonar Malam Muntaka

Duk wanda ya taɓa fita daga Gidan Marke da ƙafa zai je kasuwar Rogo ya san Malam Muntaka, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Gonar da ya gada tana bakin gari, doguwa ce, ta fara daga tudu ta gangara kwari, inda dawa ke yi har ta fi ƙarfin rumbu. Abincin gidansa na shekara daga kwarin nan yake fitowa. Sai dai akwai turba da ta bi ta tsakiyar gonar tun daga sama har ƙasa, tun zamanin kakanni ake bin ta.

A wurin Muntaka kuwa wannan ba hanya ba ce. "Ratse ne!" in ji shi. "Hanya daban, ratse daban. Rashin kunya ne kawai ya daɗe har ya yi fili."

Tun yana da baƙin gemu yake wannan yaƙi har gemun ya yi fari. Ya tare da ƙaya, aka janye. Ya haƙa rami, jakin liman ya faɗa, ya sha kunya. Mata masu tallan nono sun sha baƙar magana, 'yan acaɓa sun sha jifa da hoge. Jibo, makiyayin da ke zaune a rugar da ke ƙetaren kwarin, shi kam ya gaji da zuwa gaban mai unguwa a kan sawun shanu. Matarsa Tasalla takan ce, "Malam, ka ci tuwonka tun da zafi, duniya ba za ta daina wucewa ba." Ina! Ko a jikinsa.

Ana nan sai ga masu aikin layin dogo da tutocinsu ja. Layin zai yanka gonar Muntaka a gicciye, tsakanin tudu da kwari. Aka tara mutane a ƙofar mai unguwa, wani jami'i mai hular kwano ya yi bayani. Za a ja waya dama da hagu, ba mai tsallakawa. Inda akwai hanyar jama'a, za a gina mata 'yar gada ta ƙarƙashi. Inda babu, a toshe, kowa ya zagaya ta babbar mahaɗa can wajen Falgore.

"To, wannan ta cikin gonar nan, hanyar jama'a ce?" in ji jami'in.

Mai unguwa ya buɗe baki, amma Muntaka ya riga shi miƙewa. Wallahi ranar da ya yi shekaru yana jira ke nan, ga hukuma da kanta ta zo tana tambaya. "Ranka ya daɗe, ba hanya ba ce, ratse ne! Ni ne mai gonar. Wanda ya ce hanya ce mu haɗu a kotu."

Wuri ya kaure da hayaniya. Jami'in kuwa da ma sauƙi yake nema, gada ɗaya ta ragu. Ya gyaɗa kai, ya ce ai mai wuri ya fi kowa sanin wurinsa, ya shige mota. Muntaka ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, har ya sa aka yanka zakara.

Tasalla ce ta tambaye shi, tana fige zakaran, "Malam, kai ta ina kake zuwa kwari?"

Bawan Allah bai taɓa lissafa kansa cikin masu bin turbar ba.

Da aka ja waya sai gari ya ɗauke masa gaisuwa. Mai zuwa kasuwa sai ya hau babur, 'yan makaranta suna isa a makare, nono ya yi tsada. Shi kuma zagayen ya fi ƙarfin gwiwarsa; kafin ya kai kwari hantsi ya dubi ludayi, ƙarfin noman ya ƙare a hanya. Ya je ofishin masu aikin ya ce ya tuna, ashe hanya ce. Aka ce masa an riga an zuba kankare.

Da kaka ta yi, wata rana yana kan tudu ya hango awaki cikin dawarsa a kwari. Ya yi ihu, ko waiwaye ba su yi ba. Ya haƙa ƙasan waya da fartanya ya kutsa kai, rigarsa ta sarƙe, ya kasa gaba ya kasa baya. Yana kwance rub da ciki awaki na cin gumin shekararsa a gaban idonsa. Ya kira Jibo, ya kira liman, ya kira har masu nono, amma wa zai bi ta nan yanzu? Sai da la'asar Tasalla ta zo nema ta jawo shi ta ƙafa. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Damina ta gaba ya ba Jibo aron kwarin, don ba wanda ya fi shi kusa. Yanzu kullum da safe Muntaka yakan ja sandarsa ya zo bakin waya ya zauna, yana kallon wani yana huɗa a gonar ubansa. In Jibo ya ɗago kai, tsohon yakan gyara murya ya ce, "Sannu da aiki."