Tsohuwar da Ke Hawa Kariyar Keke

Har yau in marka ta zauna a Kontagora, irin ruwan nan da ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai in ji gabana yana faɗuwa. Mutane na murna dawa ta sha ruwa, ni kuwa idona na kan titi ina duban masu keke.

Kakarmu ce ta ja mini wannan. Badukkiya ce, wato 'yar ƙabilar mutanen Dukku ta ƙasar Rijau, Hausarta da ɗan gargada, amma in ta kama tatsuniya ko tari ba mai yi. Da damina a ɗakin girki muke taruwa bayan magariba, ta jera masara a bakin garwashi, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan a bakin ƙofa, ta jiƙe." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

A lokacin Baba yana cin kasuwannin ƙauye ta hanyar Rijau, da gishiri da manja a bayan keke. Kaka tana da dokarta a kan shigar mai keke da damina, kuma ba a yi mata gardama. Riga mara nauyi daga ciki. Daga sama buhun taki, wanda ta huda wa wuya da hannuwa, ta rage masa tsawo don kada sarƙa ta kama. Hula ta rufe kunne. Sannan busasshiyar riga a ƙulle cikin leda, a ɗaure a kariya. Muni kam shigar tana da muni, in Baba ya fito mukan ɓuya mu yi dariya.

Wata shekara sai ya sayo wata rigar sanyi a gwanjo, mai kauri, cike da auduga kamar katifa. Da safen ranar da nake ba ku labari ya saka ta, ya juya gaban Inna, mahaifiyarmu, yana jin kansa. Kaka ta miƙo buhu.

"Haba Iya," in ji shi, "da wannan rigar kuma in sa buhu? Ai sai a ce ɗan dako ne."

"Rigarka ruwa take sha," in ji Kaka. "Buhu ba ya sha."

Ya yi dariya, ya rataye buhun a ƙusa, ya buga ƙararrawa ya fita. Ledar busasshiyar rigar ma a kan turmi ya bar ta. Kafin azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da iska mai sanyi, ya ƙi ɗaukewa.

Da magariba Baba bai dawo ba. Kaka ta zauna a wurinta, buhun yana rataye daidai saman kanta, ta ɗauko tatsuniyar da muka fi tsoro.

Wai wani mutum ne mai sabon keke, ya tashi daga kasuwa ya yafa gwado mai kauri. Ruwa ya tare shi a hanya, ya ce ai da gwadonsa. Can sai ga wata tsohuwa a bakin titi, ta ce, "Ɗan nan, rage mini hanya." Ya ce ta hau kariya. Da ta hau ko nauyin kaza ba ta yi ba. Ta ɗora hannuwanta a kafaɗarsa, hannuwan sanyi ƙalau. Yana tuƙi tana ƙara nauyi, yana tuƙi tana ƙara nauyi, har feda ta fara gagararsa. Yatsunsa suka ƙi kama birki. Haƙoransa suka dinga kaɗawa.

"To, muddin haƙora na kaɗawa, da sauran mutum," in ji Kaka, ta rage murya. "Abin tsoro lokacin da suka daina."

Suka daina. Sai tsohuwar ta kawo baki kusa da kunnensa ta ce, "Ka gaji, ɗan nan. Ga ɗorawa can, sauka ka huta. Ai zafi ma ake yi, cire gwadon." Ya sauka, ya jingine kekensa da kyau, ya cire gwado ya ninke, ya zauna a gindin bishiya yana murmushi.

Nan Kaka take tsayawa kullum. Ba ta taɓa kai wannan tatsuniyar ƙurunƙus ba.

"Sai me ya faru, Kaka?" na tambaya.

"Ƙawata, masararki za ta ƙone."

Inna ta leƙo, zaninta a jiƙe, ta ce an yi isha'i har yanzu shiru. Kaka ta miƙe ta sauke buhun, ta ɗauko ledar rigar, ta sa aka kira Baffa Sale, ƙanen Baba, mai babur. Da yake Baba ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Ka bi hanya ka nemo mini yayanka," in ji ta. "Kada ka ɓata lokaci kana haska rami ko ƙarƙashin gada. Gindin bishiyoyi za ka duba. In ka same shi ka tuɓe masa jiƙaƙƙen, ka sa masa wannan, ka ɗora buhu. Ko ya ce lafiyarsa ƙalau kada ka saurare shi."

Muka zauna, masara ta ƙone babu wanda ya kula. Ni dai tsohuwar nan nake gani a bayan Baba, hannuwanta a kafaɗarsa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, na kasa ko kuka.

Da muka ji ƙarar babur, Baffa ne da wani manomi, sun sa Baba a tsakiya. Leɓɓansa sun yi fari, idonsa a buɗe amma bai gane mu ba. Rigar gwanjon kuwa Baffa ya jefar da ita a tsakar gida, ta faɗi tim, sai da Inna ta sa hannu biyu ta ɗaga ta. Kaka ta hana a kai shi bakin wuta. Ta sa aka lulluɓe shi da busassun zannuwa, da ya fara dawowa hayyacinsa ta dinga ba shi kunu mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Sai da haƙoransa suka soma kaɗawa na ga ta sauke ajiyar zuciya.

"A gindin ɗorawa na same shi," in ji Baffa. "Ya jingine keke, ya cire rigar ya ninke."

Baba ya ce da ƙyar, "Hutawa kawai na zauna yi, Iya. Ban ma ji sanyi ba."

Kaka ta dube shi ta ce, "Haka ubanka ya zauna. Shi babu wanda ya je nemansa."

Mu dai zazzaɓi aka ce mana ya kashe kakanmu.

Sai da na girma na gane babu wata tsohuwa. Audugar da ta sha ruwa ce ke hawa bayan mutum, tana zuƙe ɗumin jikinsa iska na taya ta, har sanyin ya ruɗe shi ya ji kamar zafi. Kaka ta rasa yadda za ta faɗa wa yara an tsinci mijinta da safe yana murmushi, sai ta ba abin hannuwa da murya, ta bar ƙarshen a cikinta.

Yanzu ɗana yana hawa keke a titin nan da abokansa, wai motsa jiki. Yana da rigar ruwa mara nauyi da safar hannu da hular kwano, ya ce kayansa ba sa riƙe ruwa. Na yarda, ya fi ni sani. Amma in ya fito da keke na ga gari ya lumshe, sai na ƙulle busasshiyar riga a leda na miƙa masa. Yakan yi dariya, irin dariyar Baba sak. Ni ba na dariya. Ina tsaye a bakin ƙofa har sai ya ɗaure ta.