Gwiwar Baba a Bayan Kujera

Yaran yanzu in sun ji na ce na koyar da tuƙi, sai su ɗauka zama kawai nake yi a gefen direba ina hamma. To, su yi ta ɗauka. A zamaninmu, shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, tun Bature bai naɗe tabarmarsa ba, iya tuƙi daban, izinin koyar da shi daban. Na zo Kaduna da lasin babbar mota a aljihu, na sha hanyar Zariya har ta gundure ni, amma doka ta ce duk wannan bai isa ba. Mai neman zama malamin tuƙi ba ya fita da ɗalibi shi kaɗai. Dole a sami mai cikakken lasin koyarwa zaune a kujerar baya, har zuwa ranar da Baturen gwaji zai shiga motar ya ga yadda kake koyarwa ya yarda. Kafin ranar nan kai ɗan koyo ne, ko da furfura a gemunka.

Wanda ya yarda ya zauna mini a baya wani dattijo ne a Kurmin Mashi, tsohon direban soja. Baba nake ce masa. Motar tasa ce, wata 'yar baƙa da ba ta tashi sai an murɗa injinta da hannu, da allon jan harafi na 'yan koyo gaba da baya. Babu birki a ɓangaren malami. Abin da kake da shi bakinka ne, sai birkin hannu in abu ya riga ya ɓaci.

To, bakin nawa shi ne matsalar. Waɗanda muke koya wa ba yara ba ne. Akawuna ne da manyan malaman ofis da suka fara sayen mota, masu babbar riga da rawani, wasunsu sun haife ni. Ni kuwa na tashi a gidan da yaro ba ya ɗaga murya a gaban babba. Sai ka ga mutum ya nufi jaki gadan-gadan, kai kuma kana laluben ta inda za ka fara: "Ranka ya daɗe, da dai an ɗan sassauta ƙafa." Kafin ka kai ƙarshen ladabinka an gama da jakin.

A makon farko muka faɗa lambatu da wani akawu, ina tsakiyar "ranka ya daɗe". Baba bai yi mini faɗa ba. Da muka ciro motar, ya ce, "Ɗana, ladabi a zaure ake yinsa. A mota kalma ɗaya ce." Washegari ya bar tsakiyar kujera ya dawo daidai bayana, ya kafa gwiwarsa a jikin kujerata.

Kujerar ba ta da kauri, ina jin ƙashin gwiwar a gadon bayana. Yana zaune shiru, hula ta sauko goshi, carbi a hannu. Da zarar wani abu zai gitta, sai in ji ya danna, kalmar kuma ta fito daga bakina ba tare da ta nemi izinin kowa ba: "Birki." Haka muka yi ta yi wata da watanni, daga Kurmin Mashi zuwa Unguwar Shanu, mu miƙa hanyar Kawo mu juyo. Ko akuya ba mu ƙara taɓawa ba.

Wallahi na yi ta yabon idon tsohon nan a teburin mai shayi har aka fara yi mini dariya. Na ce yana hango abin da ke bayan katanga. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin me ya sa kullum sai na je har ƙofar zaure na ɗauko shi ba, ya dafa kafaɗata mu taka zuwa mota. Na ɗauka ƙauna ce. Ba ya gaida ɗalibi sai ɗalibin ya fara magana, na ce girman kan tsofaffin soja ne. Sitiyari kuwa ban taɓa ganin ya riƙe ba.

Abin da ke cina a rai ɗaya ne. Ranar gwaji Baba ba zai shiga motar ba, doka ba ta yarda ba. Ni da ɗalibi ne a gaba, Bature a baya. In babu gwiwa, wa zai gaya mini? Na bar babbar mota, na gaya wa mutanen garinmu na zama malami, matata ta riga ta baro gida ta tare a ɗakin haya. In na faɗi, babu wani mai lasin da zai sake zauna wa baƙo kamar ni. Na taɓa cewa, "Baba, ka bar ni yau in gwada ba gwiwa." Ya ce, "To." A ranar muka kwashe tiren wata mai gyaɗa da hancin mota. Na ga matar sarai, amma na tsaya zaɓen kalmomi. Na koma gida na tabbatar wa kaina ni ba kome ba ne sai da shi.

Da damina ta yi tsakiya, an riga an sa mini ranar gwaji, zazzaɓi ya kwantar da Baba. Bai jima ba ya cika. Motar ta tsaya a gindin mangwaron ƙofar gidansa, ganye na zuba a kanta, ni kuma ba ni da ikon fita da kowa.

Bayan sadakar bakwai, matarsa, wadda nake ce wa Inna, ta aika a kira ni. Tana takaba, don haka na tsuguna a bakin ƙofa, ita tana bayan asabari. Ta turo makullin motar ta ƙasa, ta ce maigidan ya bar wasiyya in yi gwajin da ita. Ban san lokacin da na fara zuba mata abin da ke cikina ba. Na ce, "Inna, da wane ido zan yi? Idon Baba nake tuƙi da shi."

Ta ce, "Wane ido, ɗan nan? Maigidan ya fi shekara ba ya bambanta ni da ƙyauren ɗaki sai na yi magana. Yanar ido ce ta rufe masa idanun duka biyun."

Na ce, "To gwiwar fa?"

Ta ce, "Bayanka yake saurare. Ya ce in ka hango abu, bayanka kan sandare tun bakinka bai yanke shawara ba. Shi kuma sai ya tura ka. Ya ce idonka ya fi nasa tun yana da nasa, kunya ce ta yi maka yawa. Ya ɓoye ne don in Bature ya ji, za a karɓe lasinsa, kai kuma ka rasa mai zauna maka. Burinsa ya kai ka ranar gwajin nan."

Mutum zai zaci na yi murna. Ban yi ba. Na tuna duk 'yan makarantar da muka ratsa, da masu tallan da suka gitta mana a bakin kasuwa, ina zaune hankalina kwance wai akwai mai gani a baya. Ashe makaho ne a baya, a sitiyari ɗan koyo, a tsakaninsu kuma mutumin da ke jin kunyar buɗe baki. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, na kuma yi kukansa a hanyar gida, duk a tafiya ɗaya.

Ranar gwaji da safe aka yi yayyafi. Ɗalibin da aka ba ni wani babban akawu ne mai ƙaton rawani, wanda ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Bature ya shiga baya ya zauna a bayan ɗalibin, don ya riƙa ganin fuskata, da lofensa na shan taba a baki ba wuta. Kujerar da ke bayana babu kowa. Na duba kafin mu tashi, ban san me ya sa ba.

Muka gangara ta Unguwar Shanu. Titi a jiƙe, babu kowa a kai, akawu ya ji daɗi ya ƙara mai. Can gaba akwai wani lungu tsakanin katangu biyu. Ba zan iya rantsuwa na ga wani abu ba. Wataƙila wani ɗan ƙyalli, wataƙila kaza ce ta tashi firgigit. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne gwiwar. Ta danna ni a daidai wurin da ta saba, da ƙashinta da nauyinta.

"Birki!"

Ban taɓa jin muryata haka ba. Akawu ya taka da ƙafa biyu, mota ta mutu, rawaninsa ya zamo kan hanci. Sai ga mai keke ya fito daga lungun da kwanon rufi ɗaure a gicciye, ya wuce ta gaban hancinmu, ko kallonmu bai yi ba.

Na waiwaya baya. Kujera wayam. Bature yana can ɗaya gefen, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, gwiwoyinsa sun fuskanci ƙofa. Ya cire lofe, ya tambaye ni da Hausarsa ta 'yan mulki, "Me kake nema a baya?"

Na ce, "Ba kome, ranka ya daɗe."

Aka ba ni lasin. Akawun bai ƙara yi mini magana ba har ya gama koyo, wai na yi masa tsawa a gaban Bature. Oho dai.

Na koyar da tuƙi har ƙarfina ya ƙare, na kuma zauna wa wasu a baya yadda aka zauna mini. Gwiwar ba ta daina zuwa ba. Na lallashi kaina da maganar Inna, na ce idona ne ke gani, bayana yake gaya mini, jiki ne kawai ya saba da tsohuwar hanya. Wannan bayani ya riƙe ni shekaru masu yawa, ban kuma taɓa barin kowa ya zauna a wannan kujerar ba in ina gaba. Kaya ma ba na ɗorawa.

Yanzu yanar ta zo mini ni ma. Ba na gane fuska sai an yi magana. In za a kai ni asibiti, mijin 'yata ne ke tuƙi, ni suna sa ni a baya, inda babu wata kujera a bayana, sai wurin kaya. Ba na ganin titi ko kaɗan, ba na kuma taɓa kujerar kowa. Amma wani lokaci muna cikin tafiya sai in ji ta, a daidai wurin. To yanzu idon wa ke gani? Wannan ne ban sami wanda zai gaya mini ba, Inna ta daɗe da rasuwa.

Nakan ce, "Birki." Shi kuma ya ce, "Baba, titi fayau yake, babu kome." 'Yata ta ce masa, "Tsaya dai." Sai ya tsaya, mu zauna shiru a gefen hanya muna jira.