Sunan 'Yar Fari a Tsakiyar Teku

Shekara goma sha biyu na yi ban kira 'yata ta fari da sunanta ba. Haka na taras ana yi a gidanmu a Maraɗi. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Kunya ce. In zan kira ta, sai in ce "Ke". In da babanta nake magana, sai in ce "'yarka". Ƙanwarta kuwa, sunanta ba ya barin bakina daga safe har yamma.

A Greensboro ta ƙasar Amurka ta girma, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani. Ni ma ban yi ba. Wata Asabar ina ninke wanki na ji ta a kicin tana tambayar babanta da Turanci: "Baba, anya Mama ta san sunana?" Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na ci gaba da aikina, amma zane ɗaya sau uku na ninke shi.

A hutun da ta gama aji shida, babanta ya ce za mu Florida. An koya masu duwatsun murjani na ƙarƙashin teku a makaranta, ta dame shi sai ta gani da idonta. Na shirya tafiyar yadda nake shirya komai. Da farko dambun nama da cincin. Sannan tawul huɗu. Sannan doguwar riga da wando da za ta shiga ruwa da su. Muka kwana ɗaya a hanya.

Ƙarfe tara na safe wani jirgin ruwa ya tashi da mu, mu wajen talatin. Muka yi ta tafiya har na daina ganin ƙasa. Da ya tsaya, matuƙin ya raba tabarau na ruwa da bututun numfashi da rigunan hana nutsewa. Ya nuna iyakar da ba a wucewa, ya ce in ya busa usur kowa ya dawo.

"Hajiya, ba za ki shiga ba?" in ji babansu.

"Wa zai tsare kayan?"

"Kifi ne zai sace maki cincin?"

Na harare shi. Ya sauka shi da babbar, na zauna da ƙaramar a kan benci. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Aikina ɗaya ne: ƙirga kawuna biyu. Hular babanta baƙa, ɗankwalinta ja. In na gan su sai in sha ruwa, in sake dubawa. Can sai na ga baƙar hula a kusa da tsani, jan ɗankwali kuma ya yi nisa, yana ƙara gaba shi kaɗai. Daga baya na ji wai kunkurun ruwa take bi. Aka busa usur. Kowa ya juyo, ban da ita.

Na miƙe na kama ƙarfen jirgin. "Ke!" Ba ta waigo ba. "Ke! Ke, yarinya!" Wasu Turawa biyu suka ɗago kai suka dube ni. A gida ta san "Ke" nata ne. A kan wannan ruwa, iska ce kawai.

Sai na kira sunanta. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na kira sau biyu, har maƙogwarona ya yi zafi.

Jan ɗankwalin ya tsaya. Ta ɗago, ta waiga, ta juyo. Wani ma'aikacin jirgin ya yi iyo ya tarye ta a hanya.

Na riga na tsara faɗan da zan yi mata, ɗaya bayan ɗaya. Ta hawo tsani ruwa na zuba daga rigarta, shatin tabarau a goshinta. Na lulluɓe ta da tawul. Kafin in buɗe baki ta ce, da Hausarta mai karkacewa, "Mama, ke ce kika kira?"

"Wa kike so ya kira? Kifi?"

Babanta ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Jirgin ya matsa wuri na biyu inda ruwan bai da zurfi sosai. Ta ce sai na gani. Na ce a'a. Ta ɗaura mani rigar hana nutsewa a kan hijabina, ta sa mani tabarau, ta ce in sauka mataki uku kawai. Na ƙirga su. Ta riƙe hannuna, na yi bisimilla, na sa fuskata a ruwa.

Akwai wani gari a ƙasa. Duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu kamar maficin kaba, shuɗi-shuɗi, suna kaɗawa a hankali. Kifaye masu ratsin rawaya suna wucewa a jere, ba mai ture wani. Wannan ya burge ni. Duk abin da take so in gani, sai ta matse yatsuna. Ban janye hannuna ba, ko da yake mutane suna kallo.

A hanyar dawowa ta zauna kusa da ni tana cin cincin da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce, "Mama, sake faɗa."

Na dubi babanta. Ya mai da idonsa kan teku. Na gyara mata ɗankwali, na sunkuya daidai kunnenta, na faɗa a hankali.