Filin Katabu da Yaya Haruna ya mayar ƙarfe

Yau shekara tara ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa, kuma har yanzu matarsa, Yaya Asabe, tana zaune a ɗaki biyu na haya a bayan tashar Kawo. Da wannan na fara saboda shi ne abin da ke ci na. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike, ya shafe fiye da shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ya tafi bai bar wa iyalinsa ko rumfa ba. Kuma da hannuna a ciki.

Mota iri ɗaya Yaya yake gyarawa, wato 'yar gida, wadda ake haɗawa a kamfanin nan na ƙetaren kogi, inda ya koyi aiki yana saurayi. Zai ɗora bakin sukudireba a kan injin, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido, sai ka ji ya faɗi ciwon motar tun mai ita bai gama gaisuwa ba. Motocin Kwatano kuwa, waɗanda Turawa suka gama hawa aka turo mana, ko kallon arziki ba ya yi musu. Gawa da kwalliya yake kiran su.

Sannu a hankali gawar ta cinye gari. Gwamnatin da ta kafa kamfanin ita ta fara juya masa baya, manyanta suka koma hawan jibga-jibgan motocin waje. Aiki ya ja baya a garejin Yaya, amma duk da haka ya lallaɓa ya sayi fili a Katabu, ya ɗora bulo har ginin ya kai taga. Yaya Asabe ta riga ta zaɓi inda za ta kafa murhunta.

Ana nan sai gwamnati ta yi shela cewa za ta tsawwala haraji a kan motocin waje don a farfaɗo da haɗa mota a gida. Lokacin ina aiki a wata ma'aikata, ina sa kwat, ina ji da kaina. Na sayi jarida, na hau acaɓa har Kawo, na zauna a kan wata tsohuwar taya ina fassara masa Turancin layi-layi. Da na gama ya goge hannunsa da tsumma ya dube ni.

"Sani, kai ne ka yi boko. Da gaske suke?"

"Yaya, wannan karon an sa hannu," in ji ni.

Kai, wannan baki nawa! Ni da nake ganin yadda takarda mai sa hannu take ruɓewa a cikin fayil, ni ne na faɗi haka. Ban san mota ba, shi kuma bai san gwamnati ba. A tunaninsa in an ce kamfani zai dawo, to motarsa ce za ta dawo, da kafiretarta da komai. Ya lissafa cewa ranar da ta cika titi, duk mai kayan gyaranta ya zama sarki. Sai ya sayar da filin Katabu da ginin da ke kai, ya bi shagunan Fanteka yana kwashe fistin, lagireto, kulochi da fitilu, ya kama shago ya jibge su. Masu shagunan har rakiya suke yi masa, don sun daɗe suna neman wanda zai raba su da kayan. Yaya Asabe ta yi magana sau ɗaya tak, ta ce, "Malam, a cikin ƙarfen za mu riƙa kwana?" Ya ce ta yi haƙuri shekara biyu, bene zai gina mata.

Harajin dai an ƙara, wannan kam ba su yi ƙarya ba. Motar Kwatano ta yi tsada, ta ci gaba da shigowa ta daji. Aka yi bikin sake buɗe kamfanin, aka yanka ƙyalle, aka nuno wasu motoci masu ƙyalli a talabijin, duk na kwamfuta, ko noti ɗaya na shagon Yaya ba zai shige su ba, kuma ba mu taɓa ganin talaka a cikinsu ba. Duk ranar Asabar yakan buɗe shagon ya shafe kayan da baƙin mai don kada su yi tsatsa. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban ce gwamnati ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma bayan sadakar arba'in ni na tsaya 'yan gwangwan suka ɗora kayan a sikeli. Sababbi fil, wasu ko takardarsu ba a ɓare ba, aka saye su a kilo kamar gawayi. Abin da aka samu bai kai kuɗin ƙofa da taga ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kaduna ta yau. Ma'aikaci ya yi ritaya bai iya sayen ko gawar ba. Motocin da ke tashar Kawo an ɗaure su da waya da addu'a. Ga shi kuma an fara sabuwar waƙa, wai motar lantarki, a garin da firji ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka. Zan so in ce zai yi tsaki ya wuce. Amma na san shi, ina tsoron ya sake yarda, domin shi da zuciya ɗaya ya so a ce ƙasar nan ta iya ƙera abin hawanta. Irinsa aka fi cuta, masu yi mata fatan alheri.

Me ya rage nasa? Akwai tsofaffin akori-kura biyu ko uku da ya gyara, har yau suna kai tumatir Babbar Kasuwa, direbobinsu in sun gan ni sukan tsaya su yi masa addu'a. Allah Ya karɓa, Ya jiƙansa. Sai dai addu'ar direba ba ta hana mai gida tayar da ɗan haya.

Makon jiya aka ba Yaya Asabe wa'adin wata uku, za a rushe gidan a yi shaguna. Na je na same ta tana ɗaure kwanuka a buhu. Na ce ta dawo gidana, ta ce a'a, wurin 'yarta za ta koma. Sai na durƙusa, da furfurata, na faɗi abin da na kasa faɗa shekara tara, na ce ta yafe mini.

Ta ci gaba da cusa kwanukan. Can ta ja bakin buhun ta ƙulle.

"Tashi, ɗan boko, na yafe maka tuntuni," in ji ta. "Amma ga 'ya'yan yayanka nan sun girma, suna jin maganarka. Don Allah duk abin da ka karanto, ka bar shi a cikinka."