Likitar da Ke Duba Hadari Dominmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha bakwai ga watan jiya, ƙanwarki ta kira ni tana kuka ta ce kin cika. Likita, ashe ciwon da kike ce mana gajiya ce kawai, shi ne ajali.

Na fara shiga ofishinki ne daga makarantar da nake koyarwa, ido jajir, ina ta atishawar da nake fama da ita duk lokacin da ciyayi suka yi fure. Kika ce kina binciken abin da ke sa numfashin wasu masu irin wannan mura ya sarƙe idan hadari ya taso da iska da tsawa, alhali ba su taɓa yin asma ba. Burinki ki gane su tun kafin abin ya same su. Kika ɗebi jinina, kika sa na yi ta hura wani bututu har jiri ya ɗebe ni. Na ce, "Likita, ni fa atishawa ce ta kawo ni." Kika yi dariya kika ce, "Haba Malama, ke da kike ƙure murya a aji kullum, bututu ne zai gagare ki?" Gwajin ya nuna ina cikinsu, kika ba ni maganin shaƙa.

Ba na manta ranar da kika kira ni ina tsakar shanya. "Ki shiga ɗaki, ki rufe tagogi, maganin shaƙar nan kada ya bar hannunki." Na ɗaga kai, rana tarwai. Kunyarki kawai ta sa na bi. Kafin yamma iska ta taso, ƙirjina ya ɗaure tamau. Maganin nan ne ya riƙe ni har maigidana ya kai ni asibiti. Na tarar da ke a baranda cikin masu haki, riga a jiƙe, kina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani magidanci, wanda ba ya cikin waɗanda kika gwada, ya rasu a hannunki. Na ga kin juya wajen bango kin share hawaye, sannan kika durƙusa gaban na kusa da shi.

Zuwana dubiya na ƙarshe, kin rame, murya da ƙyar take fita. Abin da ke damunki shi ne aikin bai kammala ba, akwai irin magidancin nan da yawa da ba ki kai gare su ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki. Allah Ya ba mahaifiyarki, maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi, Ya ƙarfafi abokan aikinki su ƙarasa abin da kika faro. Duk numfashin da wani ya ja ta dalilinki, Allah Ya mayar miki da shi haske a kabarinki. Amin.